Mun Fara da Alheri, da Me Za Mu Ci Gaba?

Duk wanda ya yi ko shekara ɗaya a wannan makaranta ya san babu abin da ake samu a nan a banza. Maki sai an yi karatu. Kyautar da ake rabawa a ƙarshen shekara, ko da yake kyauta muke ce da ita, sai wanda ya zo na ɗaya. Ba a naɗa ɗalibi shugabanci sai malamai sun zauna sun auna halinsa. Wanda ya makara zuwa sujadar safe kuwa ya san inda ake ajiye lauje, ya kuma san filin da zai yanke. A ƙarshen zango kowa ya karɓi takardar sakamakonsa ya nufi gida, wani da murna, wani yana fata kada a iske baba a gida. Haka ya kamata makaranta ta kasance, ba mu kuwa da niyyar sāke ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ke damunmu shi ne, bayan shekara shida cikin wannan tsari, da yawa daga cikinmu, ɗalibai da malamai, mukan ɗauka cewa Allah ma haka yake tafiyar da gidansa. In an tambaye mu a ajin baftisma yadda mutum yake samun ceto, dukanmu mun san amsa: ta wurin alheri, ta bangaskiya ga Yesu Almasihu. Amma a tambaye mu ran Laraba da dare, bayan mun yi kwana uku ba mu buɗe Littafi Mai Tsarki ba, mun kuma yi wa abokin ɗakinmu baƙar magana, ko Allah yana murna da mu. Sai mu yi shiru, domin can cikin zuciya mun gaskata cewa akwai wata takardar sakamako a sama, makinmu kuwa ya yi ƙasa. Mun shiga ta ƙofar alheri, amma zaman cikin gidan muna ƙoƙari mu biya shi da guminmu.

Kalmar kanta ta isa ta koya mana wani abu. In Bahaushe ya ce wane ya yi mini alheri, yana nufin an ba shi abin da bai yi aikinsa ba. Wanda aka yi wa alheri ya sa hannu cikin aljihu ya ce nawa ne, ya ci mutuncin mai kyautar. Amma akwai wata irin kyauta da iyayenmu mata suka sani sarai, wato biki. Wadda aka kawo wa gudummawa ranar suna takan riƙe lissafin a kanta, domin ranar da mai kawowar ta tashi nata bikin, dole a mayar, har da ƙari. Sunansa kyauta, amma kowa ya san bashi ne. Yawancinmu mun mai da alherin Allah biki. Mun karɓa da godiya, sa'an nan muka shiga lissafin yadda za mu mayar.

Wasiƙar da babu godiya a farkonta

Wannan kuskure ya girmi dukan ikkilisiyoyinmu. Manzo Bulus da Barnaba sun yi wa'azi a Antakiya ta Bisidiya, da Ikoniya, da Listira, da Darba, garuruwan da ke cikin lardin Galatiya, a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 13 da 14. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da gaskiya ba Yahudawa ba ne. Ba su san Shari'ar Musa ba, ba a yi musu kaciya ba, duk da haka suka karɓi Ruhu Mai Tsarki. Bayan Bulus ya tafi, sai waɗansu malamai suka zo. Ba su musunci Yesu ba. Abin da suka ce shi ne, bangaskiya ta yi kyau a matsayin mafari, amma wanda yake so ya zama cikakken ɗan Ibrahim sai ya yi kaciya, ya kiyaye ranaku da watanni, ya bi dokokin abinci.

Bulus yakan buɗe wasiƙunsa da godiya ga Allah saboda waɗanda yake rubuta wa. Ko Korintiyawa, da dukan rikicinsu da kai juna ƙara, sun sami tasu godiyar. Galatiyawa ba su samu ba. Daga gaisuwa sai faɗa. A sura ta 3 har ya ce da su marasa azanci, ya tambaye su ko sammu aka yi musu. Tambayar da ya kafa musu ita ce tamu a yau: da me kuka karɓi Ruhu, da bin doka ko da gaskata abin da kuka ji? In kuwa da Ruhu kuka soma, ta yaya kuke tsammani ƙoƙarin jiki ne zai kai ku ƙarshe?

Mu lura da kyau, mutanen nan ba mashaya ba ne, ba kuwa mazinata ba. Masu himma ne, suna so su ƙara tsarki. Da a cikinmu suke, da mun sa su cikin kwamitin zumunta.

Akushi ɗaya a Antakiya

Domin ya nuna musu girman abin, Bulus ya ba su labarin abin da ya faru tsakaninsa da Bitrus a wata Antakiyar, ta Suriya, birnin da aka fara kiran masu bi Kirista. Ikkilisiyar can haɗe take, Yahudawa da al'ummai. Da Bitrus ya zo, sai ya riƙa cin abinci tare da kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Bayahuden da aka rene shi a kan cewa akwai abincin da ke ƙazantarwa, akwai kuma gidan da ba a shiga. Amma Bitrus ya riga ya ga wahayi a Yafa, ya shiga gidan Karniliyas jarumin Roma a Kaisariya, ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya da idonsa. Ya san gaskiya.

Sai waɗansu mutane suka zo daga wurin Yakubu a Urushalima. Bitrus ya fara janye jiki. Ba a ce ya yi wa'azin wata sabuwar koyarwa ba. Wurin zama kawai ya sāke. Sauran Yahudawa suka bi shi, har da Barnaba, wanda ya sha wahala tare da Bulus saboda waɗannan al'ummai.

Bari mu sa kanmu a matsayin wani Bahelene da ya tuba a wannan ikkilisiya. Jiya manzon da ya yi tafiya da Yesu shekara uku ya sa hannu cikin akushi ɗaya da shi. Yau ya gaishe shi daga nesa, ya wuce. Babu wanda ya ce masa kome, amma ya ji saƙon: Almasihu ya karɓe ka, sai dai akwai sauran abin da ya rage kafin ka isa zama da mu. Mu da muke cin abinci a ɗaki ɗaya sau uku a yini mun san yadda ake yi wa mutum magana da tebur. Mun san wanda ake matsa wa ya zauna, mun san wanda in ya zo hira takan mutu.

Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a duka, ya kira abin da sunansa, wato munafunci. Dalilin da ya bayar a ƙarshen sura ta 2 yana da nauyi ƙwarai: in da bin Shari'a zai iya sa mutum ya zama karɓaɓɓe ga Allah, to, mutuwar Almasihu ba ta da wani amfani ke nan. Duk abin da muka ɗora a kan gicciye domin mu cika shi, ko kaciya ce, ko azumi, ko irin tufafin da muke sawa, muna cewa ne gicciyen bai isa ba. Abin da ya motsa Bitrus kuwa, in ji Bulus, tsoro ne. Addinin ƙoƙarin kai kullum da tsoron mutane yake tafiya, gama wanda yake tara maki dole ya san wa ke kallo.

To, mene ne amfanin Shari'a?

Kada wani ya ce muna rena Shari'a. Allah ne ya ba da ita, Bulus da kansa ya ce da ita mai tsarki a Romawa 7. Malaman Yahudawa na baya sun ƙidaya umarnai 613 cikin littattafan Musa, 248 na abin da za a yi, 365 na abin da aka hana. Amma mu duba jerin yadda abubuwa suka zo. Ibrahim ya gaskata Allah a Farawa 15, aka lasafta masa adalci, kaciya kuwa sai a sura 17. Bulus ya ce Shari'a ta zo shekara 430 bayan alkawarin, saboda haka ba za ta iya soke shi ba. Ko a Dutsen Sina'i ma, kafin a faɗi doka ta fari cikin goman nan, sai da Allah ya tuna wa Isra'ilawa cewa shi ne ya fisshe su daga bauta a Masar. Ba a ba su dokokin a Masar aka ce in kun kiyaye za a fitar da ku ba. An fitar da su tukuna.

A Galatiyawa 3:24 Bulus ya kwatanta Shari'a da wani irin bawa da ake da shi a gidajen masu hali na Helenawa da Romawa. Aikinsa shi ne ya raka yaron gidan zuwa makaranta, ya tsare shi a hanya, ya hore shi in ya kauce. Ba shi ne malamin ba, ba shi ne uban ba. Yana da amfani sosai, amma na ɗan lokaci ne. Saurayin da ya girma, ya zama magajin gida, har yanzu kuma ba ya iya fita sai bawan nan ya riƙe masa hannu, abin tausayi ne. Shari'a tana nuna mana zunubinmu kamar yadda ma'aunin zafin jiki a ɗakin shan magani yake nuna zazzaɓi, amma ba a taɓa jin wanda ya warke don ya haɗiye ma'aunin ba.

Wanda ya ƙi barin hannun bawan nan, ɗaya daga cikin abu biyu yakan same shi. In yana ganin yana cin nasara, sai girmankai. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Shi ne Bafarisiyen nan na Luka 18, mai azumi sau biyu a mako, wanda ya shiga Haikali ya karanta wa Allah takardar sakamakonsa. In kuwa mai gaskiya ne, ya ga ba ya iyawa, sai fid da zuciya. Wannan na biyun ne ya fi ba mu tsoro, domin ba ya surutu. Yakan ɗauki alkawari a taron farkawa, ya karya shi kafin mako biyu, ya sāke ɗauka, ya sāke karyawa, har ranar da zai ce a ransa wannan hanya ta waɗansu ce. Yana nan cikin ƙungiyar mawaƙa, amma ya daɗe da barin addu'a.

Ɗalibin Oksfod

A shekarar 1729 waɗansu samari a jami'ar Oksfod ta ƙasar Ingila suka fara taruwa domin su bi Allah da gaske. Charles Wesley ne ya soma, wansa John ya zama shugabansu. Suna azumi ran Laraba da Jumma'a, suna cin Jibin Ubangiji kowane mako, suna ziyartar 'yan kurkuku da marasa lafiya, suna da jerin tambayoyin da suke bincika kansu da su. Saboda yadda suka tsara kowace sa'a ta yini, sauran ɗalibai suka yi musu laƙabin ba'a, wanda daga gare shi ne sunan Metodis ya fito. John Wesley ɗan fasto ne, shi ma an naɗa shi firist tun 1728. Babu makarantar mishan da ba za ta yi alfahari da irinsa ba.

A 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya a Amurka domin aikin bishara. A tsakiyar teku hadiri ya taso, ruwa ya kwararo cikin jirgin, Ingilishi suna ta kururuwa. Amma akwai waɗansu Kirista daga Jamus, 'yan Morabiya, da ke cikin sujada a lokacin. Suka ci gaba da waƙarsu, har mata da yara. Wesley ya ga cewa shi, da dukan azuminsa, yana tsoron mutuwa, su kuwa ba sa tsoro. Da suka sauka, wani shugabansu mai suna Spangenberg ya tambaye shi ko ya san Yesu ya cece shi, shi kansa. Wesley ya ba da amsar da ta dace, amma ya rubuta a littafinsa cewa yana jin maganar baka ce kawai. Aikin Jojiya bai yi kyau ba. Ya komo Ingila a farkon 1738 yana tambayar kansa yadda wanda ya tafi tubar da waɗansu shi kansa yake bukatar mai tubar da shi.

Ran 24 ga Mayu, 1738, da yamma, ya tafi wani ƙaramin taro a titin Aldersgate a Landan, ba da son ransa ba ma. Wani yana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa wasiƙar Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata, ana cikin bayanin canjin da Allah yake yi a zuciya ta wurin bangaskiya, sai Wesley ya gane cewa ga Almasihu kaɗai yake dogara, cewa kuma zunuban da aka ɗauke nasa ne, ba na duniya a dunƙule kawai ba. Yana da shekara 34, ya yi kusan shekara goma yana firist. Daga baya, da ya waiwayi shekarun farko, ya ce bangaskiyar da yake da ita a lokacin ta bawa ce, ba ta ɗa ba.

Akwai abu biyu da masu ba da wannan labari sukan tsallake. Na fari, shakka ba ta ƙare a daren nan ba. Littafinsa ya nuna cewa gwaji ya taso masa tun da ya koma gida, bayan watanni kuma ya sāke rubuta maganganu masu nauyi a kan kansa. Alheri bai dogara ga abin da muka ji a jikinmu a daren taro ba. In mun mai da jin daɗin zuciya ma'auni, mun ƙirƙiro wata sabuwar shari'a ke nan, mai wuyar kiyayewa fiye da ta Musa.

Na biyu, Wesley bai rage aiki ba. Ya ci gaba da tashi da ƙarfe huɗu na asuba. A Afrilu 1739 ya fara wa'azi a fili a Biristol, ga talakawan da ba sa zuwa majami'a. Kafin rasuwarsa a 1791, an ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya yi wa'azi wajen sau 40,000. Aikin da ya bari ne ya iso Badagiri a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman. Mai kallo daga waje zai ce mutumin Oksfod da mutumin Biristol ɗaya ne, gama jadawalinsu kusan ɗaya ne. Bambancin yana ga dalili. Na farkon yana aiki domin a karɓe shi, na biyun ya san an riga an karɓe shi.

Ashe sai mu naɗe hannu?

Mun san akwai yaro a aji uku da zai karanta wannan ya ce madalla, daga yau babu yankan ciyawa, muna ƙarƙashin alheri. Muna ba shi shawara kada ya gwada wannan tauhidi a gaban malamin horo. Dokokin makaranta suna nan domin ɗaruruwan mutane su iya zama wuri ɗaya lafiya, a yi karatu, a yi barci a kan lokaci. Ba a taɓa cewa su ne hanyar sama ba.

Amma tambayar tana da tsanani, an kuwa yi wa Bulus ita tun yana da rai. Ya amsa ta a Romawa 6 da cewa wanda aka yi wa baftisma ya mutu tare da Almasihu, ya tashi tare da shi, ba zai koma ya yi zamansa cikin abin da ya mutu gare shi ba. A wasiƙarsa ga Titus ya ce alherin nan da kansa malami ne, shi ne yake koya mana ƙin rashin tsoron Allah. Mukan ce hali zanen dutse ne. Doka tana iya shafa wa dutsen farar ƙasa, ya yi kyau har zuwa ruwan farko. Sāke zanen kuwa aikin Ruhu ne.

Shi ya sa a Galatiyawa 5, da Bulus ya jera mugayen abubuwa ya ce da su ayyuka, amma da ya zo kan halayen kirki guda tara, daga ƙauna zuwa kamunkai, sai ya yi maganar abin da itace yake haifarwa. Duk wanda ya yi aiki a gonar makaranta ya san ba a ɗaura wa mangwaro 'ya'ya da igiya. Ya kuma san ba a barinsa haka nan. Ana ba shi ruwa da rani, ana kāre shi daga awaki. Addu'a, da karatun Maganar Allah, da sujada, da zumunta, da azumi, duk ban ruwa ne. Wanda ya bar su zai bushe. Amma ba kuɗin haya ba ne da muke biyan Allah domin ya bar mu a gidansa.

Inda za a gane ko mun fahimci wannan shi ne ranar da muka faɗi. Mai bin ƙoƙarin kansa in ya yi zunubi yakan ɓuya kamar Adamu. Yakan ce bari in yi mako guda ina kirki tukuna, sa'an nan in iya ɗaga ido in yi addu'a. Wato yana so ya warke kafin ya je asibiti. Wanda ya san alheri kuwa yakan tafi a ranar, da dauɗarsa, ya faɗi laifinsa da sunansa ba tare da kwana-kwana ba, ya nemi gafara. In akwai wanda ya cuta, ya je ya same shi. In littafin wani ya ɗauka, ya mayar. In satar amsa ya yi, ya karɓi hukuncin makaranta, domin gafarar Allah ba ta hana sakamakon laifi a nan duniya.

Ana kuma ganewa ranar da wani ya faɗi. Sura ta ƙarshe ta wasiƙar ta ce a komo da irin wannan da tawali'u, mai komo da shi kuma ya kula da kansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. A nan muna roƙon dattawan ikkilisiya da mu malamai mu bincika kanmu. Horo yana da wurinsa, amma in yarinyar da aka sa a bencin baya ta yi wata shida ba wanda ya je gidansu ya yi addu'a da ita, anya ba teburin Antakiya muka sāke shiryawa ba?

Ku 'yan aji shida da kuke fita a bana, inda za ku babu ƙararrawar asuba, babu mai duba ko kun je sujada. Abin da tsoron lauje ya riƙe zai tsaya a bakin ƙofar makaranta. Muna roƙonku, kafin sakamakon jarrabawa ya fito, ku zauna ku karanta wasiƙar Galatiyawa daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Sura shida ce, aya 149, ba za ta ci muku rabin sa'a ba. Ku riƙe fensir, ku ja layi a duk inda aka ambaci bawa da duk inda aka ambaci ɗa. Waɗanda za su dawo zango mai zuwa su zo da nasu a shirye, gama daga sura ta 4 za mu ɗauka a nazarin Littafi Mai Tsarki na ran Lahadi da yamma.